Wa zai riƙa jefa mana ƙwallo a layi? Littafin atisayen ƙungiyarmu ta zari-ruga

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Matsala ɗaya ce ta sa na buɗe wannan littafi. Ƙungiyarmu ta zari-ruga a nan Kano tana zubar da ƙwallo a layin jifa, zubarwar da ta wuce a kau da kai, kuma ina so mu tsayar da mai jifa kafin wasan sada zumuncin da muke sa rai a Fabrairu. Samari ne 'yan sa-kai, wasu ɗalibai, wasu masu sana'ar hannu, muna haɗuwa Talata da yamma da Asabar da safe. Abin da muka gwada da abin da ya fito zan riƙa rubutawa a nan da kwanan watansa, don kada gobe a dawo ana gardama a kan abin da ido ya riga ya gani.

Ga wanda bai saba da wasan ba: idan ƙwallo ta fita ta gefen fili, 'yan gaba na ɓangarorin biyu sukan jeru layi biyu da ratar mita 1 a tsakaninsu, daga layin mita 5 zuwa layin mita 15. Mai jifa yana tsayawa a bakin fili, ba ya taka ciki sai ƙwallo ta bar hannunsa. Dole ta bi tsakiyar ratar a miƙe, ta kuma yi tafiyar aƙalla mita 5. Mutum biyu su ɗaga ɗaya sama ya cafe. In ta karkace alƙali ya busa, abokan karawa su zaɓi ko su yi jifan da kansu ko a yi sikiram, wato turin nan da 'yan gaba takwas-takwas ke yi kafaɗa da kafaɗa. Ko wanne suka zaɓa, ƙwallo ta bar hannunmu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne layukan da muke asara galibi waɗanda muka sha wuya muka samo ne. An yi mana laifi, mai lamba 10 ya doka ƙwallo waje can kusa da gidan abokan karawa, jifa namu ne, sai mu miƙa musu ita kyauta, kowa ya juyo yana haki.

Ko'ina ka duba a yau mai lamba 2, wanda ake ce wa huka, shi ke jifa. Daren jiya na sake karanta doka ta 18, wadda ta shafi fitar ƙwallo da layi. Babu inda ta ɗora aikin a kan huka. Kowa a cikin goma sha biyar yana iya jefawa. To tunda al'ada ce, za mu auna ta mu ga ko ta dace da mutanen da muke da su.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau na koma bayan hukanmu na tsaya ina kallon hannunsa kawai.

Yaron a sikiram babu kamarsa a cikinmu. Wuyansa da bayansa ba sa lanƙwasa, ƙafarsa ta dama tana jawo ƙwallo baya da sauri. A jifa kuwa abu biyu na gani. Gwiwar hannunsa ta dama tana buɗewa waje idan ya kai ƙwallo bayan kai, shi ya sa take fita tana lilo ta nufi hagu. Sannan yana janye hannu da wuri, yatsunsa ba sa bin ƙwallo su nuna inda ake so ta je.

Da sanyin jiki, kafin a fara komai, jifansa na gaba yana da kyau, na tsakiya ma ba laifi. Sai na sa aka yi sikiram a jere, aka tashi kai tsaye zuwa layi. Nan jifan ya watse. Kafaɗunsa sun yi tsami, numfashi bai dawo ba, hannu yana rawa. Kamar a ce wanda ya gama sauke buhuna a Dawanau ya zo nan take ya zura zare a allura. Ƙwararrun Turai da Afirka ta Kudu suna yin haka don kullum aikinsu ke nan, da mai koyar da jifa na musamman. Namu da safe yana gareji.

Talata, 12 ga Nuwamba

Akwai wani dattijo da kan zo kallonmu, ya buga wasan a Zariya tun yana ɗalibi. Ya ga ina ta fama da huka, ya yafito ni.

"Ɗana, me ya sa dole sai shi? Mu a zamaninmu ɗan gefe ke jefawa."

Na ce, "Baba, da hannu biyu?"

Ya ce ina, da hannu ɗaya. Ya karɓi ƙwallo ya kwantar da ita a tafinsa, ya juyo da hannun a miƙe ta saman kafaɗa irin na 'yan kurket, ta tafi tana wuntsilawa. Samari suka yi ta mamaki.

Gaskiyarsa ce. A da 'yan gefe, masu lamba 11 da 14, su ke jifa a yawancin ƙasashe, sai wajen shekarun 1970 aikin ya koma hannun huka. Dalilan komawar su nake so in rubuta, domin su za su nuna mana ko sun hau kanmu.

Na farko, huka yawanci shi ne mafi gajarta a 'yan gaba, don haka cire shi daga layi ba ya rage tsayi. Dogayen nan masu lamba 4 da 5 su ke tsalle, 1 da 3 su ke ɗagawa tun da aka halatta ɗagawa a ƙarshen shekarun 1990, masu lamba 6 da 7 da 8 kuma suna tsalle a wutsiyar layi ko su taimaka da ɗagawa. Na biyu, idan huka ya jefa, ɗan gefe ya samu 'yanci ya shiga cikin masu gudu a matsayin ƙarin mutum. Na uku, in an cafe ƙwallo aka ɗaure tarin turin nan da ake kira mol, mai jifa ke zagayowa ya kama wutsiya, ƙwallo ta dawo hannunsa, kuma ana so mai ƙarfi ya riƙe ta. Shi ya sa hukoki da yawa ke cin tirai, wato dangwala ƙwallo a gidan abokan karawa a samu maki, daga mol.

Akwai na huɗu da ba a cika faɗa ba. A manyan wasanni da ake zuwa da mutum 23, dole benci ya kasance da masu maye gurbin 'yan sahun gaban sikiram uku, ciki har da huka. Ke nan in jifa aikin huka ne, kullum akwai mai jifa na biyu a zaune yana jira. Mu kuwa wata rana da ƙyar muke cika goma sha takwas, kuma huka ɗaya gare mu. Wannan dalilin bai shafe mu ba ko kaɗan.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mun yi gwajin kowa da kowa. Sandar tsakiya ta raga tsayinta mita 3 ne, hannun wanda aka ɗaga kuwa yakan wuce nan, don haka muka ɗaure tsohuwar tayar babur a jikin doguwar sanda sama da ita kaɗan. Muka ja layuka uku a ƙasa, na gaba da na tsakiya da na wutsiya. Duk wanda ya zo atisaye ya jefa, har da 1 da 3.

Mutum uku suka fito fili ban da huka: mai lamba 9, wanda aikinsa karɓar ƙwallo daga 'yan gaba ya miƙa wa masu gudu, da ɗan gefe mai lamba 11 wanda ya taɓa buga ƙwallon hannu a makaranta, da mai lamba 6. Na ƙarshen ya ba ni mamaki. Gajere ne a kan irin masu lambarsa, ba ya tsalle, ɗagawa yake yi a wutsiya, kuma bai taɓa neman a ba shi jifa ba. Ya ɗauki ƙwallo, ya sa hannun dama can baya da yatsu a kan ɗinki, na hagu a gaba yana tallafe ta, gwiwoyin hannu a matse, ya sake ta tana murzawa kamar yadda ake so. Na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce kallon bidiyo yake yi a waya yana kwaikwayo da ƙaninsa a soro.

Taya dai ba ta motsi, ba ta kuma da abokin hamayya. Kowane ɗaya daga cikinsu zai samu satinsa a layi na gaske.

Asabar, 7 ga Disamba

Satin mai lamba 9.

Ba sabon abu ba ne. Faransa ta yi haka a shekarun 1980 ƙarƙashin koci Jacques Fouroux: Pierre Berbizier mai lamba 9 ke jifa, kyaftin Daniel Dubroca wanda shi ne huka ya tsaya a wurin mai karɓa. Da wannan tsari suka kai wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta farko a 1987, inda Niyu Zilan ta doke su 29 da 9. A wasan 'yan bakwai-bakwai ma, wanda shi samarinmu suka fi sabawa da shi, sau da yawa mai lamba 9 ke jefawa, domin 'yan gaba uku ne kacal, biyu na ɗagawa ɗaya na tsalle.

Jifansa na gaba ya fi na kowa kyau, a kwance, da sauri, kafin abokan karawa su lanƙwasa gwiwa ta iso. Idan muka yi niyyar mol kuma, samun huka tsaye mita 2 daga layi yana jiran ƙwallo ta sauko ya afka abu ne mai daɗi ƙwarai.

Inda abin ya ƙi shi ne idan muna so ƙwallo ta fita wajen masu gudu. Huka ne zai miƙa wa mai lamba 10 da ke tsaye mita 10 a baya, kuma miƙawarsa tana zuwa a sanyaye, ta iso tare da masu tarewa. Mun gwada barin wurin mai karɓa fanko, 9 ya jefa ya ruga ya cike shi, doka ta yarda da haka. A jifan gaba yana isa. A na tsakiya mai tsalle yana rataye a sama yana jiransa.

Wutsiya kuwa hannunsa bai kai ba. Ƙwallo tana mutuwa a hanya, kuma ba zan yarda mu zama ƙungiyar da ba ta iya jifan wutsiya ba. Wanda ya kalli ƙarshen wasan kofin duniya na 2003 a Sidni ya san darajarsa. Ana kunnen doki 17 da 17 a ƙarin lokaci, Steve Thompson ya cilla ta har wutsiya wajen Lewis Moody, daga nan Ingila ta kutsa tsakiyar fili har Jonny Wilkinson ya buga ƙwallon da ta ba su 20 da 17. Ƙwallon wutsiya tana saukowa kusa da tsakiyar fili, 'yan gaban abokan karawa kuma sun makale a bakin gefe. In sun san ba ka iya kai ta can, sai su taru a gaba su jira ka.

Mai lamba 9 ya zama na gajeren layi, wanda muke rage mutane zuwa uku ko huɗu. Bai zama na kullum ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Satin ɗan gefe, kuma hunturu ya kankama. Iska tana kaɗawa a gicciye daga arewa maso gabas, ƙura ta cike ƙurajen jikin ƙwallo har ta yi santsi, tafin hannun kowa ya bushe ƙayau. Mun ajiye tsumma mai laima a bakin fili don goge hannu, ya taimaka sosai. Na lura jifan da ake lanƙwasawa sama don ya tsallake mai tsallen gaba shi iska ta fi kwasa. Wanda aka harba a kwance da murzawa mai ƙarfi yana tsaga ta ya wuce. Alƙali kuwa ba ya yi wa iska uzuri.

Mai lamba 11 hannunsa yana da saiti, wutsiya ma yana kai wa ba wahala. Da shi a bakin fili duk 'yan gaba takwas suna cikin layi, ga zaɓin masu tsalle da yawa. Baba yana gefe yana murmushi.

Sai muka koma ɗaya gefen filin. Faɗin fili yakan kai mita 70. Ko dai 11 ya bar wurinsa ya tsallako duk wannan nisa, ya jefa, ya koma, ko kuma 14 ya jefa, shi kuwa 14 bai iya ba. Tsohon tsarin yana buƙatar 'yan gefe biyu masu hannu, mu ɗaya gare mu. Ga shi siriri, in ya zagayo wutsiyar mol ba ya ƙara nauyin komai. Kuma shi ne ya fi kowa gudu a ƙungiyar, ina so ya karɓi ƙwallo da fili a gabansa, ba ya tsaya cikin ratar mita 5 yana kallon ana turi ba. Afirka ta Kudu ta taɓa ba Cheslin Kolbe jifa a 2024, amma dabara ce ta lokaci guda don a ruɗa abokan karawa, daga nan huka ya ci gaba da aikinsa.

Abin da muka tsinta daga satin nan shi ne jifan gaggawa. Idan ƙwallo ta fita kuma layi bai haɗu ba, ana iya jefa ta nan take, a miƙe ko baya wajen gidanka, muddin ƙwallon da ta fita ce, babu wani na waje da ya taɓa ta, kuma ta yi mita 5. Wannan na 'yan gefe ne da mai lamba 15. Mun sa shi cikin atisayensu.

Asabar, 21 ga Disamba

Mutane sun yi ƙaranci, ɗalibai sun tafi hutu. Ba a yi layi ba. Huka da 6 da 9 suka yi ta jifan taya har rana ta ɗaga. Na sa huka ya riƙa jefawa a durƙushe don ya daina dogara da ƙafa, ya ji aikin da cikinsa da wuyan hannunsa ke yi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, ta fara gwajin wasu dokoki daga 1 ga wannan wata ga gasannin da za su soma bayan ranar, biyu daga ciki sun faɗo a kan aikinmu. Ɗaya, daƙiƙa 30 aka bayar a haɗa layi. Ɗaya kuma, idan jifa ya karkace amma abokan karawa ba su yi tsallen neman ƙwallon ba, wasa ya ci gaba.

Samari sun zo da murna, wai shi ke nan matsalar huka ta ƙare. Na ce a zauna. Dokar tana taimako ne kawai inda abokan karawa suka zaɓi tsayawa a ƙasa don su tare mol, kamar a mita 5 daga gidansu. Duk ƙungiyar da ta ga jifanka yana karkacewa za ta riƙa ɗaga mutum kowane layi, ko ba ta sa ran cafewa, don dai alƙali ya busa. Sannan ƙwallon da ta karkace mita guda, ko ba a busa ba, mai tsallenmu zai miƙa jiki ya bi ta, masu ɗagawa su rasa daidaito, mutum ya faɗo daga sama a kan ƙasa mai tauri irin ta filinmu. Wannan ya fi asarar ƙwallo tsorata ni.

Daƙiƙa 30 ɗin ita ta ƙarasa rufe zancen ɗan gefe. Mai jifa ya kamata ya zama wanda ke isowa tare da 'yan gaba, yana jin kira tun suna tafe. Kafin kowane wasa za mu tambayi alƙali ko da sabuwar doka zai busa.

Asabar, 18 ga Janairu

Sati biyu ke nan mai lamba 6 ke jifa, huka ya koma wurin 6 na ɗagawa. Musanya ce kai da kai, ba wanda ya bar cikin 'yan gaba, 9 yana wurin karɓa, 'yan gefe suna wurinsu. Ɗagawa ma ta ƙaru da kyau, domin huka ya fi 6 ƙarfin cinya, yana kai mai lamba 8 sama ya riƙe shi cak. In an ɗaure mol, 6 yana da nauyin da zai kama wutsiya. Dalilan nan uku na farko da na lissafa a Nuwamba duk sun cika da shi: gajere ne, ba ɗan gefe ba ne, kuma mai ƙarfi ne. A sikiram kuma yana gefe, wuyansa da kafaɗunsa ba sa shan matsar da na tsakiya ke sha.

Na nuna musu wasan Ailan da Sikotland a Murrayfield, 12 ga Maris, 2023. Hukokin Ailan biyu, Dan Sheehan da Rónan Kelleher, duk suka ji rauni. Sai aka raba aikin gida biyu: Cian Healy, wanda asalinsa mai lamba 1 ne, ya shiga tsakiyar sikiram, Josh van der Flier mai lamba 7 ya ɗauki jifa. Suka ci 22 da 7, sati na gaba suka lashe gasar ƙasashe shida ta Turai ba a doke su ko sau ɗaya ba. Larura ce ta sa su, amma ta nuna aikin tsakiyar sikiram daban, aikin jifa daban, kuma ba dole su zauna a jikin mutum ɗaya ba.

Bayan an tashi huka ya tsaya har kowa ya watse. Yana kwance igiyar takalmi, bai ɗago ba.

"Koci, ke nan an karɓe mini."

"Ƙanena, zauna mu yi magana."

Ya ce shi ba ya ƙin ƙungiya ta ci wasa. Amma in wata rana aka kira gwajin jiha ko na ƙasa, duk mai zaɓe zai miƙa wa mai lamba 2 ƙwallo ya ce jefa mu gani. Huka da ba ya jifa, wa zai ɗauke shi?

Maganarsa gaskiya ce, kuma ta fi duk abin da na rubuta a littafin nan nauyi a wurina. Abin da ya dace da ƙungiya ranar wasa yana iya tauye yaro a gaba. Na faɗa masa yadda na gani: a wasa 6 zai fara, amma shi ba zai bar jifa ba ko na rana ɗaya, kuma duk layin da ya zo a tsakiyar fili muna kan gaba da maki, nasa ne. Ranar da ya kamo 6 bayan sikiram, ba da sanyin jiki ba, ƙwallo ta dawo hannunsa. Na tuna masa Deon Fourie na Afirka ta Kudu, wanda ya daɗe yana buga lamba 6 da 7, amma da Bongi Mbonambi ya ji rauni a mintunan farko na wasan ƙarshe na 2023 shi ya shigo huka yana da shekara 37, ya yi jifa har aka tashi 12 da 11 a kan Niyu Zilan. Wanda ya riƙe sana'a biyu, ranarsa tana zuwa.

Ya ce, "To, Koci. Amma a ba ni ƙwallo ɗaya in tafi da ita gida." Na ba shi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Jifa ya gyaru, sai wata ɓaraka ta bayyana: kira. Rabin layukan da suka lalace yau, ƙwallo ta tafi daidai inda 6 ya nufa, mai tsalle ne yake wani wurin. Mutum huɗu ne ke yin layi, mai jifa da mai tsalle da masu ɗagawa biyu, amma idan ya ɓaci mai jifa kaɗai ake harara.

Mai lamba 5 shi ke kira, domin shi ke ganin inda dogayen abokan karawa suka tsaya. Mun bar kiran lambobi, suna ruɗa mutane idan an gaji. Yanzu sunan ƙofa, kamar Ƙofar Mata ko Na'isa, yana nufin wuri ɗaya. Sunan kasuwa, Kurmi ko Kwari ko Singa, wuri na biyu. Sunan gari, Wudil ko Bichi ko Rano, na uku. Wanne ne gaba, wanne ne wutsiya, ana juya shi kowane wasa. Wani ya kira Wambai, rabi suka ɗauka ƙofa, rabi suka ɗauka kasuwa, aka yi karo a tsakiya. Mun cire ta.

Mun kuma daidaita wa ke fara motsi. A jifan gaba, mai tsalle ke tashi, 6 ya harba da ganin gwiwarsa ta lanƙwashe. A wutsiya 6 ke fara sakin ƙwallo, mai tsalle ya tashi ya same ta a sama. Na gargaɗi 6 kada ya yi kamar zai jefa ya fasa, bugun tazara ne a kanmu.

Ko jifa ya yi kyau, in an karanta ka an gama da kai. A 2001 a Sidni, wasa na uku tsakanin Ostireliya da Lions, haɗakar 'yan wasan Birtaniya da Ailan, hukan Lions Keith Wood ya jefa wa Martin Johnson a gaban layi ana dab da tashi, Justin Harrison da ke buga wasansa na farko ya tashi ya fizge ta, Ostireliya ta tsira da 29 da 23. Kuma Wood da Johnson manyan gwanaye ne fa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An yi wasan, da wata ƙungiya da ta zo daga Kaduna. Alƙali ya ce da sabuwar doka zai busa.

Layi ɗaya nake so in ajiye a rubuce. Rabin farko, mita 5 daga gidansu. 6 ya goge hannu da tsumma, ya daidaita ƙafafu a kan layin gefe, ya kai ƙwallo bayan kai ya tsaya cak. 5 ya kira gari. 4 ya yi gaba kamar shi zai tashi, dogonsu ya bi shi, huka ya zame baya taku biyu ya kama cinyar 5, 3 ya kama ta baya. Ƙwallo ta iso daidai lokacin da hannun 5 ya kai ƙarshen miƙewa, bai ko karkata ba. Aka sauko aka ɗaure, 6 ya zagayo ya sa kai a wutsiya, ƙwallo ta bi hannu hannu ta dawo masa, aka tura har ya dangwala ta. Huka ne ya fara ɗago shi daga ƙasa.

Ba duka ne ya tafi haka ba. Mai lamba 6 ya fi huka zirga-zirga a fili, shi ke bin kowace ƙwallo yana tarewa. Bayan wani dogon tsaro da muka yi a rabi na biyu, ya zo layi yana haki, 5 ya kira wutsiya, ƙwallo ta gaza, 7 ɗinsu ya tsince ta. Gajiyarsa ta huhu ce da ƙafa, ta huka ta kafaɗa ce, amma duk gajiya ce. Na gaya wa 5 ya riƙa duban fuskar mai jifa kafin ya kira nesa.

Can kuma 6 ya fashe a gira, ya fita a tsayar da jini. Huka ya karɓi ƙwallo ba tare da kowa ya ce masa ba. Layukan da suka zo a lokacin duk gaba 5 ya kira, kuma duk sun shiga hannu. Gwiwar hannunsa ta dama ta matso ciki sosai a kan yadda take a Nuwamba.

Mun ci wasan da ɗan ƙaramin rata.

Talata, 25 ga Fabrairu

Inda aka tsaya a yanzu: 6 ke jifan kullum, 9 na gajeren layi, 'yan gefe da 15 na gaggawa, huka na biyu ga 6 kuma yana da layukan da aka yi masa alkawari.

Azumi zai kama a ƙarshen satin nan, za mu dakatar da turi da gudu. Jifa ba ya cin ƙarfi sosai, don haka su ukun za su riƙa zuwa bayan la'asar na ɗan lokaci, tare da 5 da 8 da masu ɗagawa biyu, a yi ta a tsaye. Abin da za a sa a gaba shi ne jifan wutsiya, ga 6 da huka duka. Mai walda a cikinmu ya ce zai haɗa mana sanda mai zobe da ake ɗagawa a sauke, mu huta da tayar da ke jikin raga, don a iya kai ta kowane gefen fili a gwada da iska ta dama da ta hagu.

Bayan salla za a maimaita gwajin 9 ga Nuwamba: sikiram a jere, a tashi kai tsaye zuwa layi, huka da 6 su jefa bi da bi. Na kuma ga wani yaro cikin ƙananan da ke zuwa kallo yana murza ƙwallo da kyau a bayan raga. Zan nemi izinin mahaifinsa ya fara zuwa Asabar.